Yadda Siniva Ta Ciyar da 'Yan Lotomea

Da safiyar rana ta uku da fara wasa, Siniva ta leƙa rumfar girki ta ga abin da ya rage. Kwando huɗu na gwaza, nonon ayaba uku, kaji tara, sai alade guda da makaranta ke lallaɓawa domin Kirsimeti. Ta riƙe ƙugu ta daɗe tana kallonsu.

Dokar kirikiti, wasan buga ƙwallo da sanda, a tsibirin Samowa ko yaron goye ya san ta. Idan baƙi suka zauna a tabarma abinci bai ishe su ba, masu masauki sun faɗi wasa, ko da makinsu ya kai dubu. Shekara uku ke nan a jere 'yan matan Lotomea suna lallasa na Tuasina, kuma wannan shekara ta 1923 ita ce ta ƙarshe ga Siniva a makarantar Tuasina. Ita ce shugabar wasa, ita ce kuma shugabar girki, don haka ta kowace fuska aka faɗi sunanta za a kira.

Misi Farrant, malamarsu da ta zo daga Niyu Zilan, ita ta rubuta takardar gayyata, ta kuma ce a tanadi abincin mutum goma sha ɗaya kamar yadda ake yi a garinsu. Siniva ta ce to, ta je ta tanadi na mutum arba'in. Sai ga kwalekwale uku sun sauke mutum sittin da uku, ɗalibai da gwaggwanni da kakanni har da matar fasto, kuma duk wadda ta tako daga kwalekwale tana da ikon riƙe sanda ta yi bugu.

'Yan Tuasina sun fara bugu ranar farko, sun tara maki ɗari biyu da tamanin. Tun jiya 'yan Lotomea ke bugu, an fitar da talatin da bakwai, saura ashirin da shida. Wasa ba ya ƙarewa sai an fitar da kowace mai bugu, ko dai jifa ya zubar da turakun da take tsaro, ko a cafe ƙwallon da ta buga kafin ya taɓa ƙasa. Abin da ya dami Siniva shi ne sun daina neman maki. Kowace ta shigo sai ta tare turakun da jikinta da sandarta, ta riƙa taɓa ƙwallon kaɗan-kaɗan kamar mai korar kaza daga shanya. Leitu, shugabarsu, ta riga ta zaga ta bayan rumfar girki ta ga kwandunan.

A bakin rafi suka haɗu wajen wanke fuska.

"Siniva 'yar'uwata," in ji Leitu, tana matse gashinta, "me za mu ci yau da yamma? Ba don kaina nake tambaya ba, Kaka ce ke son ta shirya cikinta."

"Ki ce mata ta shirya komawa gida."

"Gida? Muna jin daɗin zama a nan. Gwaggo ma cewa ta yi mu kai Lahadi, ta ji waƙar cocinku."

Siniva ta sunkuya. Ta ɗebi ruwa ta watsa a fuska ta wuce.

A rumfar girki ta tarar da Tolotea, aminiyarta mai busa musu usur na murna a fili in sun fitar da mutum, tare da Misi Farrant ta ɗaura hular rana tana ta lissafi da yatsu.

"Idan aka yanka gwazar sirara-sirara," in ji Misi, "za ta kai rana da yamma. Ina kuma da gwangwanin biskit a ɗakina."

"Biskit nawa ne a ciki, Misi?" Tolotea ta tambaya.

"Za su kai ashirin."

"To Gwaggon Leitu ta samu na taɓa baki. Saura mutum sittin da biyu."

Siniva ta zauna a kan turmi. Ta san gwaggwannin nan. In suka ga yanka ya sirance, matar fasto za ta ɗaga guda ta duba rana ta cikinsa, shi ke nan magana ta ƙare. In ma an tsira da yamma, gobe da safe fa? Da irin wannan bugun nasu ba za a gama fitar da su yau ba.

"A yanka aladen," ta ce. "Da kajin duka. A zuba gwazar gaba ɗaya a kan duwatsun murhu, a matse kwakwa a yi miya mai kauri. Komai da rana za a ci shi."

Tolotea ta saki wuƙar da ke hannunta. "Ke, lafiyarki ƙalau? Da yamma kuma mu ba su me, tabarma?"

"Da yamma an gama wasa."

"In ba a gama ba fa?"

"Sai ki busa usur mu ruga daji."

Wasan safe bai kawo wani sauƙi ba. Mutum shida kacal aka fitar, kuma kowace ta fita tana tafe tana leƙen hayaƙin da ke tashi daga murhu. Da rana ta take aka shimfiɗa tabarmi a babbar rumfa, aka fara shigo da faifan ganye. Surutu ya ɗauke. Alade ya zo sai maiƙo yake, kaji suka biyo, gwaza ta taru tsibi-tsibi, ga ganyenta da aka naɗe da madarar kwakwa yana turiri.

'Yan Tuasina suka zauna gaban baƙi da mafitai suna korar ƙuda, kamar yadda aka saba, don mai gida ba ya kai loma sai baƙo ya ture faifai. Siniva ta zaɓi gaban Leitu. Leitu ta kalli abincin, ta kalli Siniva, ta sake kallon abincin. Idonta ya ƙanƙance.

"Gwaggo," ta ce da ƙarfi, "ku ci kaɗan. Akwai sauran wasa."

"Ke rufe mana baki," in ji gwaggon, hannunta har wuya cikin haƙarƙarin alade. "Yaran mutane sun yi wahala, ki ce mu wulaƙanta su?"

"Ci mana, 'yar'uwa," in ji Siniva, ta ƙara mata gwaza biyu. "Ko girkin namu ne bai yi miki ba? In bai yi ba ki faɗa a gaban matar fasto, mu ba da haƙuri."

Leitu ta harare ta, ta kai loma. Duk lokacin da faifanta ya fara nuna ganye, Siniva ta cika shi, tana fifita a hankali, cikinta na kuka. Tolotea kuwa ta kawar da kai gefe don kada a ga tana haɗiyar yawu.

Da aka koma fili, rana ta yi zafi, iskar teku ta tsaya cak. Ta farko da ta shigo ta ɗaga sanda ne bayan ƙwallon ya riga ya zubar da turaku. Tolotea ta busa usur, 'yan Tuasina suka yi tsalle, suka tafa sau uku, suka juya a ƙafa ɗaya suna ihu. Ta biyu ta buga, amma yarinyar da ke yi mata gudun neman maki ta tafi tana dafe da ciki kamar mai ɗauke da tulu, aka riga ta isa. Matar fasto sai da aka tashe ta daga gindin bishiya, ta zo da shaidar tabarma a kumatu, jifa ɗaya ta koma ta ci gaba da barcinta. Gwaggo ta ce sam ba za ta iya sunkuyawa ba, a bar ta ta tsaya a miƙe, ƙwallon ya bi ta tsakanin ƙafafunta.

Leitu ta fi kowa daɗewa. Ta cije ta tare jifa kusan talatin, gumi na zuba, sai shaƙuwa ta kama ta. Tana cikin wani "hik" ƙwallon ya taɓa bakin sanda ya tashi sama ya sauka a hannun mai tsaron baya. Rawar da aka yi mata ba ta yi ƙarfi ba, don masu rawar ko karin kumallon kirki ba su yi ba.

Rana ta sauko kan kwakwa lokacin da ta ƙarshe ta shigo. Kaka Taufau ce, kakar Leitu, 'yar tsohuwa siririya da zane ɗaure har ƙirji. Ba ta da haƙori ko ɗaya, saboda haka duk bidirin nan ruwan kwakwa kawai ta sha da ayaba guda. Idonta tar. Ta kafa sandar bugu mai kusurwa uku a gaban turaku ta ce, "To, yara, ku zo."

Aka jefa, ta tare. Aka sake, ta tare. Siniva ta karɓi ƙwallon da kanta, ta yi jifa da ƙarfi, ta yi na ƙasa, ta yi na gefe, tsohuwa ko gezau. Can bakin coci ta hango dattijon da ke buga gangar yamma ya fito yana neman sandunansa. Da zarar ya buga, wasa ya tsaya, a yi addu'a, a shimfiɗa tabarmi. A rumfar girki kuwa babu abin da ya rage sai toka da gwangwanin Misi.

Siniva ta goge ƙwallon a zanenta ta matso kusa kaɗan.

"Kaka, ni fa tun ina ƙarama nake jin labarinki. An ce a zamaninki ba a wasa da ke sai an ajiye mai cafe ƙwallo a cikin teku."

"Mutum biyu," in ji tsohuwar.

"Haka aka ce. Na yi ta murna zan gani da idona. Amma ba komai, Kaka, tsofaffi dama suna ƙara wa labari gishiri."

"Kaka, kada ki kula ta!" Leitu ta ƙwala daga gefe, shaƙuwa na katse ta. "Tare kawai!"

Tsohuwar ba ta ko waiwaya ba. Ta tofa yawu a tafin hannu ta gyara riƙo. "Jefo, 'yar nema."

Siniva ta jefa shi a hankali, sama-sama. Ƙarar da ta biyo baya sai da ta tashi matar fasto. Ƙwallon ya haye kan rumfa, ya haye kwakwa, ya nufi ruwa. Tolotea ta tofar da usur ta runtuma, ta faɗa teku har ƙugu, har ƙirji, ta miƙa hannu biyu, ta nutse. Da ta ɗago, hannunta na sama, ƙwallon na ciki a bushe.

Gangar yamma ta tashi, amma ba wanda ya ji ta saboda ihu. Misi Farrant ta jefa hularta sama ta rungume wata gwaggo da ba ta ma sani ba. Kaka Taufau ta yar da sanda ta nuna teku. "Kun dai ga inda ya kai. A faɗa wa yaran yanzu."

Bayan addu'a Siniva ta zube a gindin ginshiƙi. Sun ci wasa, amma 'yan mata arba'in da huɗu na kallonta da idon yunwa. Tana tunanin yadda za a raba biskit ashirin sai ta ga gwaggwanni suna fitowa da kwandunan ganyen kwakwa. Ragowar abincin rana ne, wanda kowane baƙo ke ƙullewa ya tafi da shi gida. Leitu ta dire guda a gabanta ta kwance bakinsa.

"Za a ce ku kuka ci wasa," ta ce. "Amma duk wanda ya tambaye ni, zan gaya masa mu muka ciyar da ku."

Siniva ta riga ta cika baki. Ta haɗiye da ƙyar.

"Gaya musu," ta ce. "Miƙo min ƙafar aladen can."