Hancin Alu da Gahawar Alhaji Sirajo

A harkar albasa daga Aliero zuwa Jega, kowa ya san hancin Alu na Karayen Maiyama. Shi ke zaga rudun Alhaji Sirajo, rumfunan karan da ake jibge albasa a ciki har ta yi tsada. Zai durƙusa ya shaƙa, ya ce a tone nan, kuma sai a tarar da ruɓaɓɓiya a ƙasa tun ba ta lalata 'yan uwanta ba. Da hancin nan ya aurar da 'ya'yansa, da shi yake ciyar da matarsa Gudiya.

To, bara da damina wata mura ta kwantar da shi, da ta tashi tafiya sai ta tafi da hancin. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Bai gaya wa kowa ba, har Gudiya. Ya ci gaba da durƙusawa yana shaƙa yana gyaɗa kai, yana dogara da ido da sa'a, gabansa na faɗuwa kullum. Sa'ar kuwa ta ƙare ranar da aka buɗe wani rudu da ya ce lafiya lau, aka tarar rabinsa ya zama kunu.

Alhaji Sirajo abokin Alu ne tun suna yara, da ya ja shi gefe ya tambaye shi da shi ke nan. Amma Alhaji mutum ne mai son a yi abu gaban jama'a, ga kuma ɗansa Waliyyu da ya karanta kimiyya, yana neman inda zai sauke ta.

Kullum bayan la'asar ana shan gahawa a zauren Alhaji a unguwar Jega Firchin. Tun da ya je Umra ya ɗauko tsirfar, ɗanya ake kawo masa a soya a kasko, ƙamshi ya cika unguwa. Alu ne sarkin yabonta, kuma tun da hancin ya mutu ya ƙara yawan yabon, don kada a gane.

Ran nan zaure ya cika da dillalai da malaman makarantar allo. Waliyyu ya zuba wa kowa, ya miƙa wa Alu nasa kofin daga wata 'yar buta da ke bayansa.

“Baba Alu, kai ad da hanci. Yaya kaj ji wagga?”

Alu ya kai kofin hanci, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, ya kurɓa. Ɗaci ya kama masa harshe, yajin citta ya bi maƙogwaro.

“Kai, madalla! Wagga ta hi ta jiya ƙamshi. Tun daga bakin hanya nij jiyo ta.”

Sai wani dillali ya fashe da dariya, saura suka ɗauka, har da masu riƙe ciki.

Waliyyu ya gyara zama kamar mai ba da darasi. Ya ce ɗanyar gahawa ba ta da wani ƙamshi, wuta ce ke haɗa zaƙin da ke cikin ƙwayar da sauran sinadaranta, sai ƙamshi iri-iri har ɗaruruwa ya tashi ya bi iska. Ya ce abin da mutane ke kira ɗanɗanon gahawa, yawancinsa hanci ne ke jin sa ta bayan maƙogwaro, harshe ɗaci kawai ya sani.

“Shi ya sa nid dafa maka ganyen dogon yaro da ƙonannen sukari da citta, Baba. Babu ƙwayar gahawa ko guda ciki.”

Alu ya dubi kofin. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya ɗaga kai ya nemi idon abokinsa, ko zai tsawata wa yaron. Alhaji na share hawayen dariya da gefen babbar riga.

“Haba Alu, ashe da mataccen hanci kaka zaga min rudu? To, ba ni korar ka, abota ta hi haka. Akwai albasar da ta ruɓe, ma'aikata sun ƙi taɓa ta, wai wari na sa su amai. Kai da ba ka jin komi, ai aikin ga naka na.”

Aka sake kwashewa da dariya. Alu ya so ya watsar da kofin ya fita, wallahi ya so. Amma ya tuna rumbunsa da ya kusa ƙarewa, sai ya ajiye kofin a hankali ya ce, “Na gode, Alhaji.”

Washegari ya wuni a Aliero cikin ruɓaɓɓiyar albasa har gwiwa, yana kwasa da hannu, ƙudaje na binsa. Ya wanke jiki a bakin rijiya da sabulu, ya shinshina rigarsa don sabo, bai ji komai ba. A motar Maiyama da ya shiga zuwa gida ya lura an bar masa wuri mai faɗi, ya ɗauka girmamawa ce.

Rana ta kusa faɗuwa ya isa Karaye. Gudiya ta fito da kwanon ruwa tana masa sannu da zuwa, kamar yadda take yi tun suna da ƙuruciya. Tana kusantowa ta tsaya cak. Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah, ta ƙara taku ɗaya tana murmushin dole, sai warin ya buge ta, ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta tura masa da ƙafa.

“Malam, yi haƙuri, sha daga nan,” in ji ta.