Ƙanƙarar Kifi a Gindin Peoniya

Duk garin Olhão babu wanda bai san Dona Deolinda da kafiya ba. Tun tana amarya aka kawo ta bakin teku daga ƙauyukan tsaunin arewa. Ta haihu a nan, ta binne miji a nan, kanta ya yi fari fat a nan, amma har gobe 'yar tsauni matan unguwa ke ce mata. Ita ma ba ta taɓa roƙon kowa ya sauya mata suna ba.

Cikin kayan da ta zo da su daga ɗakin uwarta, abu ɗaya ne ya rage: saiwar wani fure da ake kira peoniya. Ta dasa ta a kusurwar tsakar gida, jikin katangar da inuwa ke wuni. Kowace shekara sai ta toho, ta yi ganye shar, ta ƙi fure. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba. Deolinda ta ba ta taki, ta ba ta ruwa, in ranta ya ɓaci har zagi tana ba ta.

Rigima ta taso ne da aka sa bikin jikarta a watan Mayu, aka ce a tsakar gidan za a ci abinci. Tun Nuwamba ɗanta Telmo ya ɗauko Custódio mai sayar da dashe, ya zo ya ga abin da za a shuka.

"A nan ba a shan wahala, Dona," in ji Custódio yana zagaya gidan. "Ƙasarmu ba ta san sanyi ba. Wardi mai hawa katanga zai yi ta ba ki fure har Kirsimeti. Furen yasmin a bakin ƙofa, rumman can wajen rijiya. Sai dai kada ki yarda da wardin da ake kawowa daga ƙasashen arewa. Kyan hoto ne kawai, ranar Agusta ɗaya ta ishe shi."

Deolinda ba ta yi musu ba. Da kanta ta riƙa zaɓa, tana tambayar wanne ke ƙamshi, don a wurinta wardin da ba ya ƙamshi da furen takarda duk ɗaya ne. Ana cikin haka suka iso kusurwar.

"Wannan kuwa sai dai a cire," in ji Custódio.

"A cire wa?"

"Peoniyar, Dona. Ba laifinta ba ne. Ita sai sanyi ya daskarar da ƙasa ta yi barci, sannan ta farka da fure. Nan ina za ta ga sanyin? Mu da ko a Janairu muke shan kofi a waje."

Telmo ya ce, "Inna, don Allah. Wurin nan ya fi ko'ina kyau, kuma tun ina rarrafe ganye kawai abin nan ke yi. Abin da ƙasa ta ƙi karɓa, me ake da shi?"

Maganar ta soke ta. Abin da ya fi yi mata ciwo, ta san yaron bai ma san ya soke ta ba.

"Sanyi take so?" ta ce. "To za ta samu. In Afrilu ya fita ba ta yi fure ba, ku tone."

Telmo ya yi wuf ya amince, yana ganin ya yi wa tsohuwa wayo.

A Olhão kuwa in aka ce ƙanƙara, ta kifi ake nufi. Ɗan firjin Deolinda ba zai sanyaya ko takalmi ba, amma kasuwar bakin ruwa kullum zubar da ƙanƙara take yi in an tashi. Disamba na shiga sai ga Deolinda da baro, ta nufi teburin Graciete, mai kifin da suka yi shekara da shekaru suna zagin juna suna gaisawa.

"'Yar tsauni! Yau sardin ko wani kifin?"

"Ƙanƙara nake so."

"Wa ya mutu?"

"Bakinki, in Allah ya yarda. Zuba mini."

Da Graciete ta ji abin da za a yi da ita, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ƙwala wa sauran mata kira. "Ku zo ku ga wadda za ta kawo mana hunturu a baro! Ke Deolinda, in kin gama ki turo mana dusar ƙanƙara ranar Kirsimeti, jikokina ba su taɓa gani ba."

"Ku yi dariyarku. Ranar bikin za ku zo kuna sunsunawa, ni kuma in hana."

Haka ta yi ta yi har Fabrairu. Ta turo baro ta lungunan garin, ruwa na ɗiga, kuliyoyi na bin ta a baya saboda ƙarni. Ta juye a gindin peoniya, ta rufe da tsohon buhu. Gwiwoyinta suka kumbura. Telmo ya yi faɗa, ya yi lallashi, ta yi kunnen uwar shegu da shi. In tana juye ƙanƙarar yatsunta suka sandare, sai ta ji daɗi, don rabonta da irin wannan sanyin tun tana yarinya.

Da Maris ya kama, jajayen toho suka leƙo. Deolinda ta fara tafiya a unguwa tana ɗaga kai. Ba a jima ba bakin ganyen ya ƙone, ya nannaɗe, tsiron ya kwanta ɗaya bayan ɗaya. Wardin Custódio kuwa, kamar da gayya, ya kama katanga yana ta fure.

Afrilu na fita Telmo ya zo da shebur, Custódio na biye da shi ɗauke da dashen da za a sa a kusurwar. Custódio ya durƙusa, ya ga wani fari-fari a saman ƙasar, ya dangwala ya kai baki. Sai ya tofar.

"Gishiri ne, Dona. Ƙanƙarar nan a kan kifi ta kwana, ta sha ruwan teku. Yanzu ko wardina ba zai rayu a nan ba, sai ruwan sama ya wanke wurin."

Deolinda ta dubi farin da ke saman ƙasar. Garin gyaran gira ta rasa ido. Abin da zafin garin nan ya kasa kashewa shekara da shekaru, ita ta kashe shi da hannunta, kullum tana turo masa ajali a baro. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ta.

"Ba ni shebur ɗin," ta ce wa Telmo. "Alkawari ne, za a tone. Amma ni zan tone."

Saiwar ta fito baƙa, ta ruɓe, tana fashewa a hannu. Deolinda ta bi ta da yatsa a hankali, tana yar da ruɓaɓɓen, har ta kai ga wani ɗan gutsure mai tauri, da jan ido ɗaya a jikinsa.

"Wannan da rai," in ji Custódio. "Ina da ƙani mai tuƙa babbar mota zuwa arewa. In aka dasa ta a can, wallahi sai ta yi fure kamar kan jariri."

Telmo ya yi ajiyar zuciya. "Shi ke nan, Inna, ga mafita. A mayar da ita gida."

"Gida?" Deolinda ta dube shi sama da ƙasa. "Ta riga ka zuwa gidan nan, Telmo."

Ta wanke gutsuren da ruwan rijiya, ta sake wankewa. Sannan ta nufi babbar tukunyar da aka girke a tsakiyar gida, wadda aka cika da sabuwar ƙasa don farin wardin amarya, ta sa hannu ta fara haƙa.

"Inna! Ai nan teburin amarya zai zauna!"

"To amarya ta matsa. Na ce ku tone, ban ce ku fitar ba."

Custódio ya sosa ƙeya. "Dona, gaskiya ɗaya ce. Ko a nan ɗin ba za ta taɓa fure ba."

"Na ji," in ji Deolinda, tana danna ƙasa da tafin hannu. "Wa ya ce maka sai an yi fure ake zama a gida?"