Sule Biyu a Kumasi

Shekarar da Nasara ya sa a gyara hanyar mota tsakanin Kankiya da Kusada, Kabo mutumin Fakuwa yana cikin leburorin. Sisi ake ba su a wuni. Ya raina kuɗin, har ya fara gaya wa matarsa Haulatu cewa da an gama girbi zai bi fataken goro zuwa Kumasi, inda wansa Jaji ya shekara huɗu yana dako.

Wata Laraba da azahar an tashi hutu, Kabo ya ɗauki ƙwaryar furarsa ya nufi gindin wata tsamiya. Sai ga Jaji zaune, ba kaya, ba takalmi, ƙafafunsa fes kamar bai taka ƙasa ba.

"Yaya! Saukar yaushe?"

"Yanzu. Nawa suke ba ku?"

"Sisi."

"Can sule biyu ne."

Kabo ya ce ai shi ma tafiya zai yi. Ya miƙa masa fura, Jaji bai ko kalle ta ba.

"Sisinka zai auno maka gero," in ji Jaji. "Ka kwana ɗakinka, Haulatu ta ɗebo ruwan rijiya kyauta. Can mu takwas ne a ɗakin haya. Itace saye, ruwa saye, rogon da ba ya riƙe ciki ma taro. In zazzaɓi ya kada kai kwana uku, ko anini ba ka da shi. Har ramin da za a sa ka, sai an biya."

A nan Kabo ya lura ƙudaje sun dame shi, amma ko ɗaya bai sauka a jikin wansa ba. Shugaban leburori ya busa usur, Kabo ya waiwaya, da ya juyo babu kowa. Ya zagaya tsamiyar sau biyu, sawunsa kaɗai ya gani.

Bayan kwana tara wani falke mai suna Dawuda ya yi sallama a gidansu, ya ajiye rigar Jaji da gammonsa. Ya ce tun watan azumi Allah ya yi masa cikawa, mutanen zango suka yi karo-karo suka rufe shi.

Kabo bai je Kumasi ba. Sai bayan sadakar bakwai ya iya gaya wa mahaifiyarsu, Inno, abin da ya gani. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta tambaye shi ko Jaji ya rame.