Kafinta Ya Koma Bayan Tasha

Mutum huɗu ne suka ciccibi teburin aikin Kafinta, amma sai da suka sauke shi sau biyu kafin su kai bakin a-kori-kura. Mai Taswira yana tsaye a ƙofar gidansa, hannu a baya, yana kallo kamar baƙo a layin. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma kusan kullum a rumfar Kafinta yake shan shayin safe, suna yi wa juna tsiya.

"Na-Gwamnati, matsa gefe," in ji Kafinta, yana wucewa da zarto biyu a hammata, "kada ƙurata ta ɓata maka launi."

Ya yi dariya. Mai Taswira ya yi yaƙe.

Launin da yake nufi yana jikin wata taswira a ofishin tsara gari, inda Mai Taswira ya yi aiki har ya yi ritaya. Da hannunsa ya shafa ta: rawaya gidajen zama, ja kasuwa, shuɗi kuma masu inji da walda da katako, can bayan tasha. Ya sha yi wa Kafinta bayani cewa ba mugunta ba ce. An yi ne don mara lafiya ya samu barci, don kada tartsatsi ya faɗa tarin katako wuta ta cinye layi guda, don a bar wa hanya faɗin da motar kashe gobara za ta shiga, kuma kada wani ya kafa bene ya toshe wa maƙwabcinsa iska. Kafinta kan ce ai shi ya riga rawayar zuwa layin, ita ya kamata a tambaya wa ya ba ta izini.

Taswirar ta yi shekaru tana barci a bango, sai bana sabon shugaban ofishin ya tashe ta. Dokar dai ta bar ƙofa guda: tsohuwar sana'a tana iya zama inda take, in duk gidajen da ke manne da ita sun sa hannu. Gida uku ne, biyu suka sa. 'Yar Kafinta, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta zo takanas da takardar, ta gaishe da Mai Taswira da ladabi.

"Baba, naka kawai ya rage."

Ya ce ta ajiye zai duba. Kwana tara takardar tana kan rediyonsa. Abin da yake hange shi ne gobe a ce wanda ya zana doka shi ya fara lanƙwasa ta don abokinsa, ga mai injin niƙa na ƙarshen layi an tashe shi ba wanda ya tsaya masa. Ranar da ya ɗauki biro, wa'adi ya wuce da kwana biyu. Kafinta bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa.

Layin ya yi tsit, yadda doka ta so. Sai a lokacin Mai Taswira ya gane da gudumar maƙwabcinsa yake sanin lokaci tun da matarsa ta rasu. Yanzu sai ya dafa shayi kofi ɗaya, ya sha a tsaye. Kafinta kuwa, da shekarunsa saba'in da ɗoriya, motar farko yake bi zuwa bayan tasha, ya dawo da yamma liƙis yana jan ƙafa. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu.

Sau ɗaya Mai Taswira ya je ganinsa. Mota biyu ya hau. Ya tarar da rumfunan kwano a jere, janareto yana ruri, masu walda suna feshin wuta, sai ka ɗaga murya kafin na kusa ya ji ka. Kafinta ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba mai kawo gyara, don ba tsohuwar da za ta ɗauko karyayyar kujera ta shiga mota biyu da ita.

"Ka ga aikinka ya yi kyau," in ji Kafinta da ƙarfi. "Nan kowa shuɗi ne, ba mai damun wani."

Mai Taswira ya gyara murya. "Maganar takardar nan..."

"Riƙe mini nan."

Ya miƙa masa ƙarshen wani falanki. Mai Taswira ya riƙe da hannu biyu, Kafinta ya yi ta ja da zarto yana hutawa, har guntun ya faɗi. Daga nan ya tambaye shi ciwon gwiwa, ya raka shi bakin titi. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Bayan mako biyar, wata Laraba da rana, wani mai walda ya zo layin a kan babur yana tambayar gidan Kafinta. Ya ce ya shiga aron guduma ne, ya same shi zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar teburin, fensir a bayan kunne, jikinsa har ya yi sanyi. Mai Taswira ya tambaye shi tun yaushe.

"Wallahi Baba ban sani ba. A can ba a jin shirun mutum."

A da, in guduma ta yi shiru rabin awa, Mai Taswira kan leƙa ta katanga ya ce ko tsufa ne ya kayar da maƙiyin katako.

'Yar ta iso washegari, aka kai mahaifinta makwancinsa. Mako guda ta yi tana tattara gidan. Mai Taswira ya yi ta jiran ta faɗa masa magana, har ya so ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Ranar tafiyarta ta kawo masa makulli, ta ce ya riƙa leƙa gidan saboda ruwan sama, kwanon ɗakin baya yana yoyo. Ya karɓa, ya ce in sha Allahu.

Da safiyar wata Asabar yana zaune a ƙofar gida, sai ga wata dattijuwa daga ƙauye, ɗauke da 'yar kujera a ka, ƙafa ɗaya ta cire an ɗaure ta a jiki da tsumma. Ta tsaya gaban filin siminti inda rumfar take a da, ta duba hagu ta duba dama.

"Malam, ba nan ne wurin Kafinta ba?"

Ya ce nan ne. Ya fara cewa ya tashi, sai ya tsaya, ya faɗa mata gaskiya.

Ta yi wa Kafinta addu'a a hankali, ta ce shi ya yi mata kujerar tun 'ya'yanta suna ƙanana. Sannan ta sauke ta, ta nemi gefen simintin ta zauna don ta huta kafin ta koma. Mai Taswira ya shiga gida ya kawo mata ruwa. Suka zauna, shi a nan ita a can, kujerar tana tsakaninsu a karkace, ba abin da ake ji a layin sai tsintsiyar wata mata a gida na uku.