Benen Kawu Ya Ƙi Miƙewa

Sau uku Auta tana ɗaukar hoton benen nan, sau uku Kawu yana dawo mata da shi. Kawu ɗan kwangila ne, kuma da hotunan sabon benensa mai hawa huɗu yake son neman wani aikin. Shi ya sa ya ba 'yar ƙanwarsa ɗauka, wai a taimaki na gida. Taimakon ya zame mata ciwon kai.

A kowane hoto benen sai ya fito ya tsuke daga sama, kamar zai kwanta da baya. Ta yi masa bayani har bakinta ya bushe. Titin ƙunci gare shi, dole ta ɗaga kan kyamara kafin rufin ya shiga, kuma duk ginin da aka ɗauka haka sai ya karkace, ko na waye. Kawu bai ji ba. Ya kira uwarta ya ce yarinyar nan wasa take yi da kyamara, gara ta koma ɗaukar 'yan biki. Wannan maganar ce ta ƙona mata rai.

"Ki nemo gilashin da ke faɗin gaskiya," in ji shi. "Ginina ba ya rangaji."

Akwai irinsa kuwa. Gilashin kyamara ne mai zamewa sama da ƙasa, kyamara na tsaye cak, shi ya hau ya kamo rufin. Sabonsa dai ko tambayar kuɗinsa Auta ba ta sake yi ba. Ta bi shagunan kayan hannu, masu shago suna ta tura mata abin da ba ta nema ba. Wani ya rantse mata cewa waya ma tana yin wannan aikin. Wani ya ce ta gyara a kwamfuta mana, kamar ba ta gwada ba ta ga tagogi sun zama dogaye kamar ƙofofi.

A ƙarshe ta samu wani tsohon gilashin a bayan kantar wani shago, fentinsa ya goge, maƙunninsa na ƙara, sai an sa masa zobe kafin ya shiga kyamararta. Mai shagon ya ƙi ragi, sai da ta haɗa masa da nata gilashin, wanda take ɗaukar biki da shi. Ta fito tana jin haushin kanta da na Kawu.

Da safe ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ta daidaita ta da ɗan ruwan awo irin na magina, ta murɗa gilashin sama a hankali. Benen ya miƙe. Gidan maƙwabta ya miƙe, turken lantarki ma haka. Ginshiƙin kusurwar hagu na benen ne kaɗai ya ƙi. Ta sake awo, ta canza wuri, ta sake ɗauka. Yana nan a karkace, daga hawa na biyu zuwa sama.

Kawu ya zo da babbar riga da murmushi, ya leƙa hoton a jikin kyamara. Nan take ya ce an sayar mata da jabu. Auta ta sa yatsa a kan turken lantarkin a cikin hoton, sannan a kan ginshiƙin. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga kai ya dubi benen kansa, inda wata mata a hawa na uku take shanya kayan yara.

Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Auta, tsohon gilashin naki yana kusa?"

"Na bayar da shi, Kawu. Da shi na karɓo wanda ka ce in nemo."