Shayin da ke Cikin Darasi

Nermin ta ja linzamin kwamfuta zuwa tsakiyar bidiyon, ta tsaya. Tun azahar take zaune a ɗakin kwamfutoci, fanka na kaɗa zafin garin Minya, kusharin da ta saya, haɗin shinkafa da taliya, ya sandare a roba.

Da safe shugaban sashe, Dakta Safwat, ya ce za a ɗora darussanta na koyon rubuta manhaja a shafin jami'a, amma sai ta tsabtace su. A kicin ta ɗauke su bara saboda 'yan ajin farko, shi ya sa ake jin mai sayar da gas yana bugun tukunya a titi. Wannan duk ta goge. Saura darasin yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki, inda mahaifiyarta ta leƙo ta yi magana. Tun da aka binne ta Nermin ba ta sake kunna wurin ba. Ga shi ba a yanke abin da ba a saurara ba.

Abanub ya shigo, ɗalibin da ya faɗi kwas ɗin bara, yake maimaitawa.

"Injiniya, kafin shayi na gane komai. Bayan shayi ne kaina ya kulle."

"Wane shayi kuma, sarkin maimaici?"

Ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai duk ajin da shayin Hajiya, mahaifiyarta, suke auna darasin. In ta yi kira sai kowa ya tsayar da bidiyon, ya haɗa nasa, ya dawo. Shi kam, da babu mai kiransa a ɗakin kwanan ɗalibai, yakan maido wurin baya.

"Ki gaishe ta. Ki ce mata mu dai muna sha da zafinsa."

Nermin ta jawo masa kujera, suka bi sashen bayan shayi layi-layi har ya gane.

Da ya fita, ta danna bidiyon, muryar mahaifiyarta ta fito.

"Nermin, 'yar nan, shayinki ya huce. Yaran mutane ba za su gudu ba."

A bidiyon ta ji kanta tana cewa, "Mama, don Allah, ina aiki."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta tura wa Dakta Safwat darasin yadda yake, ta sauka neman mai shayi.