Layin da Ba a Cike Ba

Aikina a asibitin nan shi ne kula da rumbun bayanai, kuma ba abin da ke ɓata min rai kamar aikin da aka fara aka watsar. Tun da safe shugaba ya leƙo ofishina, ya ce kafin sha biyu in share duk fankon layin da ke cikin rajistar haihuwa. Za a kwashe bayanan zuwa sabuwar manhaja, ita kuwa ba ta karɓar layin da ba suna.

Na duba, guda arba'in da uku. Ba wanda ya rubuta ko harafi a cikinsu. Kwamfuta ce ta zuba abin da na tsara mata ta riƙa sawa da kanta: lamba, kwanan wata, lokaci. Gurbin suna fayau. Na ce lallai wani malalaci ne ke min wasa da maɓalli, na sauka ɗakin haihuwa da faɗa a bakina.

Na tarar da babbar ungozoma tana wanke hannu.

"Mama, wa ke buɗe layi ya tafi ya bar min shi haka?"

"Ni ce." Ko juyowa ba ta yi ba. "Hannuna duk jini zan tsaya rubutu? Da jariri ya fito nake danna maɓallin da gwiwar hannu, don kar lokacin ya kuɓuce min. In ya yi kuka, in dawo in cike. In bai yi ba, me zan rubuta, ɗana?"

Faɗan ya mutu a bakina. Na haye sama, na zauna, na miƙe. Na buɗe taga, na rufe. Na zuba ruwa a kofi ban sha ba.

Bara matata ta haihu a ɗakin haihuwar nan ina kan hanyar dawowa daga wani taro. Kafin in iso har an binne yaron. Ita kuma aiki aka yi mata, ba ta farka ba sai yamma. Ba takarda, ba hoto. Shekara guda ke nan muna kewaye maganar kamar rami a tsakar gida.

Tsoro nake ji, amma na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. A na talatin da ɗaya na ga ranar. Ƙarfe goma da minti ashirin da uku na safe.

Shugaba ya sake leƙowa. "Saura minti ashirin fa. Abin danna ɗaya kake wa wannan nuƙu-nuƙu?"

Na ce ina zuwa. Yana fita na buga su duka a takarda na sa a aljihun tebur, don iyayensu. Namu kuwa na kasa barin sa ya fita daga rajistar. Na kira matata a waya.

"Lafiya, da rana haka?" in ji ta.

"Na ga yaronmu a rajista. Goma da ashirin da uku ya zo."

Ina jin ƙarar famfo a bayanta, har ta kashe shi.

"Ashe an rubuta shi?"

"Lokacin kaɗai. In ba suna, yanzu za a goge."

Tun cikin yana wata bakwai muka zaɓi sunan, kuma tun ranar da muka rasa shi ba wanda ya ƙara furta sunan a gidanmu.

"Hannunka na kan kwamfutar?" ta ce.

"Yana kai."

"To bari ni in faɗa, kai ka rubuta."